Rawar Sitiyari: Abin da Yashi Ke Rufewa Tsakanin Magarya da Dungas

Mun baro wata kasuwar ƙauye da la'asar sakaliya a cikin tsohuwar a-kori-kura mai shan gazuwal. An lafta mata buhunan wake da riɗi har sun ɗara kan direba, mutane sun zauna bisa buhunan, ga awaki uku ɗaure a gefe suna ta kuka. Ni na yi sa'a na samu gaba. Mun fi sa'a guda muna kutsawa cikin yashi, mota na nishi, tana rangaji kamar raƙumin da ya sha kaya, amma sitiyari lafiya lau. Da muka hau kwaltar da ta nufi Damagaram, gaba kaɗan da Bande, direba ya saki jiki ya zuba giya ta huɗu, allura ta kai 70. Sai tayar gaba ta dama ta faɗa wani ɗan rami da bai fi faifai ba.

Nan take sitiyari ya fara fizgar hannunsa, hagu da dama, hagu da dama, da saurin da ido ba ya iya bi. Gaban motar gaba ɗaya ya ɗauki kyarma, madubi ya daina nuna komai, kofin silba da ke gaban gilas ya faɗo bisa ƙafata. Na baya suka ɗauki salati. Shi kuwa direban ko gezau. Bai taka birki ba, ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya bar motar ta sauko da kanta. Da allura ta dawo wajen 30 sai rawar ta ɗauke ɗif, kamar an hure fitila. Daga yadda ya yi na gane ba yau ne farau ba. Ya saba da abin har ya san ramin da ke tayar da shi.

Duk wanda ya daɗe yana bin motocin kasuwa a kudancin jihar Damagaram ya taɓa gamuwa da wannan rawa. Wasu direbobi kan ɗora wa kwalta laifi, su ce motarsu ba ta taɓa yi a daji ba, sai ta hau baƙar hanya. Gaskiya suka faɗa, amma sun juya zancen. A daji ne ake yin ɓarnar, kwalta tona asiri kawai take yi. Cikin yashi ba a gudu, kuma yashin da kansa yana riƙe tayu, yana shanye duk wani motsinsu. A kan kwalta babu mai riƙe su sai ƙarafan da suka riga suka cinye.

Ƙasar da ke cin ƙafar mota

Magarya tana kimanin kilomita 90 kudu da Damagaram, a kan hanyar da ke gangarawa Tinkim ta shiga Najeriya. Dungas, wadda aka yanke daga gundumar Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana gabas, fuskarta na kallon Maigatari ta jihar Jigawa da babbar kasuwarta ta dabbobi ta ranar Alhamis. Tsakanin waɗannan garuruwa da Waca, Guci, Malawa, Dogo-Dogo, Ɗan Ciyawo da Sasumburum, ƙauyuka ne birjik, domin yankin na cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar. Mafi yawansu babu abin da ya haɗa su da babbar hanya sai sawun mota cikin jigawa, ko burji da ya yi ƙunya-ƙunya. Da damina fadamun Korama su cika, hanya ta zama taɓo. Gero, wake, riɗi, gyaɗa da rake, duk ta nan suke fita, kuma mara lafiya ma ta nan ake fito da shi. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Magarya tun 2005, da motoci masu jan ƙafa huɗu take shiga ƙauyukan, haka jami'an gwamnati, haka 'yan kasuwa.

Motocin da suka riƙe wannan aiki iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin gane ciwon. Akwai masu aksul guda a gaba, wato ƙaton bututun ƙarfe ɗaya da ya haɗa tayar hagu da ta dama. Land Cruiser samfurin 70, da Toyota ta fara fitarwa a 1984, ita ce uwarsu, da injinta na 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida. Tsofaffinta a kan sifirin mai falle-falle gabansu yake zaune, daga 1999 aka mayar da gaban kan sifirin mai naɗi. Tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu ma haka gabanta yake, har zuwa 1997. Sai kuma na bayan nan, waɗanda kowace tayar gaba ke da hannuwanta daban, tana hawa tana sauka ba ruwanta da 'yar'uwarta. Su ma suna rawa, amma muguwar rawa irin wadda muka gani a hanyar Bande ta masu aksul guda ce. Dalili kuwa, abin da ya bugi taya ɗaya sai ya bi ta bututun da sandar sitiyari ya isa ɗayar, ita kuma ta rama, su shiga jifan juna. In akwai ɗan sako-sako a mahaɗa, kowane bugu ya fi na baya ƙarfi. A Amurka, inda manyan motoci irin Ford F-250 da Ram da Jeep Wrangler ke da irin wannan gaba, sunan da suka laƙaba mata yana nufin rawar ajali.

Ba kowace rawa ce wannan ba, kuma bakanike nagari kan fara da tambaya kafin ya taɓa sifana. In rawar tana zuwa a hankali a wani gudu, misali tsakanin 80 da 100, ta ragu in an wuce ko an sauko, to a tayu ko wili take. In sai an taka birki take zuwa, farantin birki ya kamata a duba. In kuwa rami ne ke tayar da ita farat ɗaya, kuma ba ta tsayawa sai mota ta kusa tsayawa, mahaɗai ne suka saki.

Ta tayu ta fi yawa, kuma lissafinta yana da ban mamaki. Taya mai lamba 7.50R16, irin wadda ake yawan sa wa waɗannan motoci, kewayenta ya kai kimanin mita biyu da rabi. A gudun kilomita 90 tana juyawa sau goma a daƙiƙa guda. Busasshen taɓo mai nauyin giram 200 da ya manne a gefe ɗaya cikin wili, a wannan gudu yana fizgar tayar da ƙarfin kusan kilo 16, sama, gaba, ƙasa, baya, sau goma kowace daƙiƙa. Mota ta ratsa fadama jiya, yau ta fara rawa, sai mai ita ya shiga zullumin kuɗin gyara, alhali tsinke da bokitin ruwa sun isa. Ga kuma tayun hannu da suka gama rayuwarsu a Turai kafin su iso mu. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, 2315 na nufin mako na 23 a 2015, amma kaɗan ne ke dubawa. Direba ya rage iska don ya wuce yashi, ya hau kwalta bai mayar ba, taya ta ɗau zafi, wayar cikinta ta rabu da roba, sai ta yi kumburi ko ta murɗe. Irin wannan ko an maƙala mata dalma nawa ba ta daidaituwa. Gwajinta ba ya cin ko dala: a mayar da tayun gaba baya, na baya gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama ɓarawo.

A gindin bedi

Washegari na bi motar nan zuwa gareji, wanda bai wuce inuwar bedi biyu da akwatin sifanu da ƙasa da baƙin mai ya rina ba. Garejin bakin iyaka yana da wani abu da ke ba ni sha'awa, harshe biyu yake ji kamar yadda kasuwar yankin ke karɓar sefa da naira. Abu ɗaya wani ya ce masa rotil, wani ya ce tayarod. Boris shi ne rulman, bushin shi ne silanbulok, shokozoba kuma amortisar. Wanda ya koyi aiki a Damagaram da wanda ya koya a Kano kan sunkuya ƙarƙashin mota ɗaya, kowa na kiran ƙarfe da sunan da maigidansa ya koya masa, su kuma fahimci juna.

Babban bakaniken bai ɗaga motar ba da farko, kuma nan ne gwanintar take. Ya bar ta da nauyinta a ƙasa, ya sa yaronsa ya shiga ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, hagu da dama, ba tsayawa. Shi kuma ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashi. Bai dogara da ido ba. Tafin hannu yake ɗorawa a kan kowace mahaɗa, yatsu biyu a wannan ƙarfe, biyu a wancan, ya yi shiru kamar mai jin bugun jijiya. Mahaɗa mai lafiya, ƙarfen biyu tare suke tafiya. Wadda ta ci, ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya biyo, sai a ji ɗan ƙwas a cikin hannu. Wannan shi suke cewa wasa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga akwatin sitiyari da notunan da suka ɗaure shi a jikin sasi, ya duba ko sasin ya tsage a wurin, ya gangaro sandar da ta tashi daga akwatin zuwa ƙafa, sannan doguwar sandar da ta haɗa ƙafafun biyu. Can ya tsaya a kan wata sanda da ke gicciye tsakanin sasi da aksul, wadda aikinta hana aksul zamewa gefe. A littafin mota sunanta Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa. Ya kira ni in sa hannu. Duk kaɗawar da yaron ya yi, gangar jikin motar ce ke fara gusawa kafin tayu su amsa. Robar cikinta ta zama gari, ramin notin ma ya zama kamar ƙwai.

Sai a lokacin ya sa jak. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ta amsa. Ya ce wa yaron ya taka birki ya riƙe, ya sake girgizawa, ta sake amsawa. Ma'anar wannan a wurinsu a fili take: in wasan ya ɓace da taka birki, boris ɗin taya ne, a gyara ɗaurinsa ko a canza shi. In bai ɓace ba, abin ya wuce nan, ya kai kingfin, ko boljoyin in motar mai hannuwa ce. Kama taya ta gefe da gefe kuma tayarod yake tonawa, da hannun da ke tallafe sandar sitiyari a wasu samfuran Hilux.

Kingfin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne wanda aka fi gudu. A kowane ƙarshen aksul akwai wani ƙwallon ƙarfe kamar tulu, ƙafar mota a kansa take juyawa, tana rataye da ƙananan boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Cikin tulun cike yake da giris, bayansa kuma akwai roba da wani ƙyalle mai kauri da ke share ƙura duk sa'ad da aka karya kwana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ƙyallen nan ya gaji, yashin Dungas ya samu ƙofa, ya gauraya da giris ya zama dutsen niƙa. In sil ɗin ciki ma ya saki, man difa ya kwararo ya tsinka giris ɗin, shi ne za ka ga bayan taya ya yi baƙi yana naso. Su waɗannan boris ba juyi suke yi ba kamar na taya, kusan wuri ɗaya suke zama, saboda mota ta fi tafiya miƙe. Don haka duk dukan gargada a tabo ɗaya yake sauka, har ya yi musu gurbi. Da aka ciro na motar nan, na shafa yatsa cikin zoben na ji ƙunyoyi a jere kamar gonar gyaɗa.

Sa sabo kaɗai bai isa ba. Dole a matse su daidai, ta hanyar ƙarawa ko rage wasu siraran falle-fallen ƙarfe da ke ƙarƙashin murfin, sannan a auna. Ana cire tayarod, a maƙala sikelin rataye a hannun ƙafar, a ja, a ga kilo nawa ake buƙata kafin ta motsa, a gwada da abin da littafin motar ya faɗa. Wannan ɗan taurin shi ne birkin farko da ke kashe rawa tun tana jaririya. Aikin yini ne cur, hannu cikin giris har gwiwa, ga notuna huɗu da ke riƙe hannun sitiyari a jikin ƙafar, waɗanda in suka kwance suka karye, mota ta rabu da direbanta ke nan. Wanda ke sauri ba ya son jin wannan bayani.

Abin da yake son ji shi ne a sa sabon shokozoban sitiyari. Wannan ɗan bututu ne da ke kwance a gaba, yana rage fizgar da sitiyari ke yi wa hannu. Noti biyu ne, minti ashirin an gama, kuma rawa takan lafa. To amma an bar jaki ana dukan taiki. Sako-sakon yana nan, yana ƙaruwa a ɓoye, har ranar da bututun zai gaji, rawar ta dawo ta fi da. Ba mu kaɗai ba ne ke wannan, ko a Amurka, da ƙorafi ya yi yawa a kan sabuwar Jeep Wrangler, sabon shokozoban sitiyari kamfanin ya ba masu motocin a 2019. A ganina wurinsa a ƙarshe yake, bayan an ɗaure komai. In motar ba ta iya tafiya lafiya sai da shi, ba ta warke ba.

Gyaran gangar Abzinawa

Akwai dabarun da talauci ya haifa waɗanda nake girmamawa, akwai kuma waɗanda ke ba ni tsoro. Yanka tsohuwar taya a yi robar sifirin don a kai gida, wannan ba laifi. Amma a ɗauki tayarod da ya ci a daddake bayansa da guduma don ya matse, ko a cusa masa guntun roba, ko a kai sandar sitiyari da ta lanƙwashe wurin mai walda ya gasa ta da wuta ya miƙar, wannan caca ce da ran mutum ashirin da ke bisa buhuna. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙwarinsa, kuma ba ya sallama ranar da zai karye. Haka matse notin saman akwatin sitiyari fiye da kima don a kashe wasa, yana sa sitiyari ya cije a kwana ya ƙi dawowa.

Sai batun ɗaga mota. Saboda lodi da yashi, masu mota kan ƙara fallen sifirin, ko su sa dogon sifirin a gaba don ciki ya daina taɓa ƙasa. Dubi ƙahon keke ko na babur, bai tsaya a miƙe ba, ya ɗan kishingiɗa baya, shi ya sa yaro ke sakin hannu keke ya ci gaba da tafiya sak. Ƙafar mota ma tana da irin wannan kishingiɗa, 'yan digiri kaɗan. In aka ɗaga gaban mota mai aksul guda ba a gyara wannan ba, aksul ya ɗan mirgina, kishingiɗar ta ragu, mota ta fara yawo a hanya, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, rawa kuma ta samu wurin zama. Lodin da ya wuce ƙa'ida a baya shi ma yana ɗage gaba, tayun da ke tuƙi su rasa nauyin da zai danne su.

Kada a ɗauka direbobi ba su san wannan ba. Sun sani sarai. Sau da yawa motar ba tasu ba ce, kuma duk ranar da ta kwana a gareji kasuwa ɗaya ta wuce, ga balas na mai mota yana jira. A yankin da kusan kowace rana akwai garin da kasuwarsa ke ci, babu ranar da ta dace da gyara. Kayan ma ba a ƙofar gida suke ba. Mafi yawa daga Kano suke zuwa, daga shagunan Ƙofar Ruwa, wasu daga Damagaram, kuma aji-aji ne: na asali, na hannu da ake cewa Beljiyam, da sabo mai kwali mai kyau wanda ba ya kai damina biyu. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe Maigatari. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa har Maris na 2024. A irin waɗannan watanni, ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba sai ya bi ta daji a bayan babur kafin ya iso, kuɗinsa kuma ya ɗauki ladan hanyar. Gazuwal dai ana tace shi a matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram tun 2011, amma tayarod ba a ƙera shi a nan.

Motar tamu kwana biyu ta yi a gindin bedin, domin sai da aka jira saƙo daga Kano. Aka sa boris huɗu na kingfin da sil da ƙyalle, aka canza robobin sandar gicciye, aka gyara ramin notinta, aka sa tayarod ɗaya. Mai motar ya so a bar wata taya da ta kumbura, bakanike ya ƙi, daga ƙarshe aka daidaita a kan ta koma safaya. Babu na'urar alaimen a wurin, don haka da zare da tef aka yi. Suka tura motar gaba kaɗan a wuri mai lebur, suka yi alama da alli a tsakiyar kowace taya, suka auna tazarar da ke tsakaninsu ta gaba, suka mirgina ta suka auna ta baya, suna murɗa doguwar sandar har ta gaba ta gaza ta baya da 'yan milimita. Shokozoban sitiyarin kuwa bakaniken ya ajiye shi a kan akwatin sifanu, ya ce sai an dawo gwaji.

Da yamma muka fita mu uku, babu kaya. Direban ya san inda zai kai mu. Gaba kaɗan da Bande ya ɗaga allura zuwa 70, ya saita tayar dama a kan ramin nan mai faɗin faifai, ya taka shi da gangan. Gaban motar ya yi gum sau ɗaya, sitiyari ya ɗan motsa ya koma. Ya juyo, ya sake takawa a 80. Bakaniken, da ke zaune a tsakiyarmu hannunsa ɗaya a kan dashbod, ya ce a koma gareji, akwai notin da yake so ya sake bi da sifana kafin magariba.